Shaidata kan duba lafiyar yaran Aborijin a ƙauyukan Ostiraliya

Aikina jinya ne, a ƙananan asibitocin ƙauyukan Aborijin, 'yan asalin ƙasar Ostiraliya, a Yankin Arewa na ƙasar. Yankin ya fi Najeriya faɗi, har ya ɗara Nijar kaɗan, amma mutanensa gaba ɗaya wajen dubu 250 ne, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari Aborijin ne. Garuruwan a warwatse suke. Daga Alice Springs zuwa Yuendumu kusan kilomita 300 ne, zuwa Kintore ya haura 500. A can arewa wajen teku, irin su Wadeye da Maningrida, da damina ta kankama sai hanya ta yanke wata da watanni, ba shiga ba fita sai ta jirgin sama ko na ruwa. Yawancin asibitocin ba su da likita mazaunin gari. Ma'aikatan jinya ne biyu ko uku, da ma'aikacin lafiya ɗan garin, da direba. Likita yakan zo wasu ranaku, sauran lokaci a neme shi ta waya.

Duba yaro daga kai zuwa ƙafa ba ya wuce awa ɗaya. Wahalar aikin tana cikin abin da ke biyo bayan dubawar, kuma a kan wannan nake ba da shaida.

An taɓa gwada hakan a fili. A watan Yunin 2007 gwamnatin Firaminista John Howard ta ƙaddamar da shirin gaggawa a ƙauyukan yankin, har da duba lafiyar yara. Da farko an ce dole ne, da aka yi ca a kai aka mai da shi na ganin dama. Cikin shekara biyu an duba yara sama da dubu goma. Kusan ɗaya cikin uku na da ciwon kunne, wajen huɗu cikin goma na da matsalar haƙora ko baki. Ma'aikatan da ke zaune a garuruwan ba su ji wani sabon labari ba, domin sun daɗe da sanin yaran da ciwonsu. Abin da ya ƙaru shi ne tulin takardun turawa wajen likitan kunne, mai gwajin ji da likitan haƙori, waɗanda ba su wadata ba, yara suka yi ta jira. Sai daga baya aka ware kuɗi na musamman don bibiyar kunne da haƙora. Yau tsarin inshorar lafiya na ƙasar yana biyan cikakkiyar dubawa ga kowane ɗan asalin ƙasa sau ɗaya a wata tara, mu a asibiti lambarta muke kira, 715. Kuɗin dubawa yana nan. Wanda zai koma gidan bayan mako guda ne ake nema.

Rayuwar yaro a wannan tsari tana farawa ne a birni. Idan ciki ya kai mako 36 zuwa 38, ana ɗaukar uwa zuwa Darwin, Alice Springs, Katherine ko Nhulunbuy ta zauna jiran haihuwa. A can ake yi wa jariri allurar ciwon hanta da ta tarin fuka, a gwada jinsa, galibi ya ci gwajin lafiya lau. Ranar da suka sauka gida ya kamata a sa sunansa a jerin bibiya na kwamfutar asibiti, a auna shi tsirara a kan ma'aunin da za a ci gaba da amfani da shi. Canja ma'auni kaɗai yana iya nuna yaro ya rame alhali bai rame ba. Ba lambar rana ɗaya ake kallo ba, layin da ke kan katin girma ake bi. Idan layin ya kwanta ko ya fara gangara, an shiga awo duk mako, da tambayar abin da yake ci, da wanda ke ciyar da shi, da ko akwai kuɗin abinci a ƙarshen mako. Kanti ɗaya ne a gari, kayan lambu da 'ya'yan itace suna da tsadar gaske saboda nisan da suka sha.

Kunne shi ne abin da ya fi cin lokacinmu, kuma shi ne aka fi sakaci da shi, domin sau da yawa ba ya ciwo. Jaririn da ya ci gwajin ji a birni, kafin ya cika wata uku ƙwayoyin cuta sun cika bayan hancinsa, sun haura ta siririyar hanyar da ke haɗa maƙogwaro da kunne, ruwa ya taru a bayan dodon kunne. Binciken da aka yi a ƙauyukan yankin ya nuna kusan tara cikin goma na ƙananan yara suna da wani nau'i na wannan ciwo. Ba kuka, ba zazzaɓi, uwa ba ta ga komai ba. Saboda haka dokar aikin ita ce duk yaron da ya shigo, ko ƙaya ce ta soke shi, sai an leƙa kunnuwansa biyu.

Ana zaunar da shi a cinyar uwa, ta riƙe kansa a ƙirjinta. A leƙa da fitilar kunne, sannan a sa na'urar da ke hura 'yar iska don a ga ko dodon yana motsi. Idan bai motsa ba amma bai kumbura ba, ruwa ne a kwance: ba a ba da magani nan take, a rubuta rana, a sake dubawa. Ya kai wata uku a kunne biyu, sai gwajin ji. Idan dodon ya kumburo, ciwo ne sabo: amoksisilin, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, a raba biyu, kwana bakwai, a dawo a duba kafin mako ya cika. Bai sauka ba, a ɗaga zuwa 90. A nan ake yawan faɗuwa. Maganin ruwa ne da ake son ajiyewa a firij, gidaje da yawa kuma mita mai kati gare su, kuɗi ya ƙare wuta ta ɗauke. Ga yara biyar a gida duk suna tari, kwalbar mutum ɗaya ta zama ta kowa. Mai hankali yakan tambaya kafin ya miƙa kwalba, kuma idan ya ga ba za ta yiwu ba, akwai azitromaisin da ake ba yaro ya sha a gabanka, ya dawo bayan mako.

Idan aka rasa wannan gaɓar, dodon ya fashe, mugunya ta fara zuba. Ta wuce mako biyu tana zuba, an shiga ciwo mai daɗewa, kuma maganin sha ba ya yi masa wani tasiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce inda irin wannan ya haura kashi 4 cikin ɗari na yara, babbar matsala ce mai neman gaggawa. Akwai garuruwan da suka ninka hakan sau uku ko fiye. Aikinsa na hannu ne. A murza gefen takardar tishu ta yi tsini, a zura a hankali ana juyawa, a bari ta tsotse, a jefar, a sake da sabuwa har sai ta fito a bushe. Sannan a ɗiga siprofuloksasin, a danna ɗan naman da ke ƙofar kunne sau da yawa don maganin ya shige ta hudar. Wanda ya ɗiga magani a kan mugunya ya zubar da shi ne kawai. Sau biyu zuwa huɗu a rana ake yi, har kunne ya bushe kwana uku a jere, kuma duk mako a leƙa a asibiti. Wani sai ya yi wata biyu. Inda na ga ya yi aiki sosai shi ne inda aka shirya da makaranta ko gidan renon yara a riƙa yin na safe a can, kaka ta yi na dare.

Dalilin nacin shi ne shekarun da yaro ke koyon magana su ne shekarun da kunnen ke toshe. Yaran nan da harshen Warlpiri ko Pitjantjatjara ko Yolngu Matha suke tashi, Turanci harshe na biyu ne ko na uku. Wanda ba ya ji da kyau ya shiga aji ana koyar da shi da baƙon harshe, ba a jima ba an laƙaba masa taurin kai. Mai gwajin ji yakan zo gari sau ƙalilan a shekara. Idan ranar da ya zo yaron yana wani gari, ko kunnen na zuba, sai zagaye na gaba. Shi ya sa mako biyu kafin zuwansa ake fitar da jeri, a bi gida-gida a busar da kunnuwa.

Daga wata shida ake fara gwajin jini a yatsa ko diddige, duk bayan wata shida. A ɗumama hannun, a goge ɗigon farko, kada a matse yatsa da ƙarfi, don matsi yana gauraya jinin da ruwan jiki ya ba da lambar ƙarya. Yaro mai shekara ɗaya zuwa huɗu da lambar gwajin jininsa ta gaza 110 yana da ƙarancin jini. Tushensa yawanci uwa ce da ta yi ciki da ƙarancin jini, ko haihuwa da ƙaramin nauyi, ko jinkirin fara abinci mai nama, ko shayi da madarar shanu a bulumboti. A ba da albendazol kwana uku saboda tsutsar ciki, a fara maganin ƙarin jini na wata uku, a sake gwaji bayan mako huɗu. Maganin ba daɗi, yana baƙanta kashi, kuma idan ba a faɗa wa uwa tun farko ba za ta tsorata ta daina. Haɗari ne kuma idan ƙaramin yaro ya samu kwalbar ya shanye. Don haka wasu asibitocin sun gwammace su ba da shi da hannunsu sau biyu a mako. Riga-kafi a wannan zaman ake duba shi. Yaran Aborijin na yankin suna da ƙari a kan na sauran yara, kamar na ciwon hanta nau'in A. Firijin allura tsakanin digiri 2 da 8 yake zama, safe da yamma a rubuta.

Haƙora, a ɗaga leɓe a duba farin tabo a gindin haƙoran sama, a shafa fuloraid, maganin kare haƙori daga ruɓewa, duk wata shida. Wanda suka riga suka ruɓe sai birni, a sa shi barci a cire. Ido kuwa, amosanin ido da aka sani a arewacin Najeriya da Nijar, shekaru da yawa Ostiraliya ce kaɗai ƙasa mai arziki da ke fama da shi. Ana juya fatar idon 'yan shekara biyar zuwa tara a ƙirga ƙurajen ciki, biyar ko fiye a ba yaro da mutanen gidansa azitromaisin. Ya ragu ƙwarai, kuma wanke fuska ya taka rawa a ciki. Tari mai majina da ya kai mako huɗu ba mura ba ne. Yana buƙatar maganin ƙwayoyin cuta na mako biyu zuwa huɗu, in ya ƙi ko ya riƙa dawowa a tura wa likitan yara kafin huhu ya lalace.

Fata ce ƙofar babban ciwon. Ƙazuwa ta shiga gida, yaro ya yi susa, ƙwayar cutar da ake kira sitiref ta shiga wurin susar, ƙuraje masu ruwa da ɓawo su fito. Mutanen gari sun saba ganinsu har ba sa ɗaukarsu ciwo, kuma abin takaici baƙin ma'aikata ma bayan wata uku idonsu yakan saba. Maganin ƙurajen allurar fenisilin ce guda, ko kotirimokzazol na sha safe da yamma kwana uku; bincike a ƙauyukan yankin ne ya tabbatar na shan yana aiki kamar allurar, yara suka huta. Ƙazuwa kuwa man fametirin ne mai kashi 5, a shafe jiki duka har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ya kwana a jiki aƙalla awa takwas, a maimaita bayan kwana bakwai, kuma kowa a gidan rana ɗaya. Gida mai ɗaki uku yana iya ɗaukar mutum goma sha biyar. Idan an shafa wa yaro an bar sauran, mako uku ya dawo. Idan gida ɗaya ya yi ta dawowa, a nemi babban da fatarsa ta yi kauri da ɓawo, shi ne ke raba wa kowa. A tambayi kuma ko famfo na zuba, ko akwai ruwan zafi, ko injin wanki na aiki. Ni a ganina rahoton famfon da ya lalace yana cikin aikin jinya kamar rubuta magani.

Mako biyu zuwa uku bayan ciwon maƙogwaro ko ƙuraje, garkuwar jikin wasu yara takan juya ta afka wa jikin kansa. Wani ƙoda take kamawa, fuska ta kumbura, fitsari ya yi duhu. Wani kuma zazzaɓin gaɓoɓi ne, wanda ya fi kama 'yan shekara biyar zuwa sha huɗu. Yaro ya zo yana ɗingishi, ya ce faɗuwa ya yi a wajen ƙwallo. Gwiwa yau, idon sawu jibi. Yarinya kuma hannunta ya riƙa fizga ba da sonta ba, rubutunta ya lalace. A wannan yanki, yaro mai ciwon gaɓa ana ɗaukarsa mai zazzaɓin gaɓoɓi ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba shi ibufurofen a sallame shi: ciwon ya lafa, alamar ta ɓace, ba wanda ya gano. Farasitamol ake bayarwa, a kira likita, a ɗauki jini da awon bugun zuciya, a kira jirgi ya kai shi babban asibiti a yi hoton zuciya.

Tashin farko ba kasafai yake kashewa ba. Maimaituwa ce ke cinye bawul ɗin zuciya, wato ƙofofin da jini ke bi a cikinta, har a kai ga tiyata a biranen kudu, dubban kilomita daga gida. Abin da ke hana maimaituwa allura ce ta fenisilin mai daɗewa a jiki, duk kwana 21 zuwa 28, wato aƙalla 13 a shekara. Mai kilo 20 zuwa sama ma'auni miliyan 1.2, wanda bai kai ba dubu 600. Mafi ƙaranci shekara biyar ko har ya kai 21, duk wanda ya fi tsawo. Idan zuciya ta taɓu, shekara goma ko fiye. Ɗan shekara bakwai ke nan yana fuskantar allura fiye da 180. Tun 1997 yankin ke da rajistar masu wannan ciwo, kuma duk ranar da ta wuce ta 28 ana ƙirga ta ranar haɗari.

Allurar tana da kauri kamar man goge baki, kuma tana da zafi. Yadda aka yi ta farko shi ke yanke ko yaro zai dawo. A fito da ita daga firij da wuri, a ɗumama sirinjin a tafin hannu. A bar yaro ya zaɓi gefen da yake so da wanda zai riƙe shi. A danna wurin da babban yatsa daƙiƙa goma, ko a sa ƙanƙara, ko 'yar na'ura mai karkarwa. Ana iya haɗawa da lidoken, maganin kashe zafi. A tura a hankali, minti biyu zuwa uku. Mai gaggawa yakan toshe allurar ya sake sokawa. Kada a taɓa danne yaro mutum huɗu, don an ci yau an rasa shekara goma. Kuma kada a jira rana ta 28: daga ta 21 ake fara nema, saboda a bar wa tafiya da rasuwa da ruwan sama wuri. A tsakiyar ƙasar an taɓa ɗaura tunin a kan cikar wata, duk wanda ya ga farin wata ya san lokaci ya yi.

Mai nema shi ne ma'aikacin lafiya ɗan gari, kuma in babu shi jerin kwamfuta takarda ce kawai. Shi ya san yaron da ke da suna uku, ɗaya a asibiti, ɗaya a makaranta, ɗaya a gida. Idan mai irin sunan yaro ya rasu, an daina kiran sunan; a ƙasar Warlpiri sai a koma ce masa Kumanjayi, baƙo ya yi ta kwala kira a ƙofar gida yana ɓata wa mutane rai. Shi ya san an tafi zaman makoki wani gari, abin da kan ɗauki makonni, sai a buga wa asibitin can waya su yi allurar. Ya san wa ke da iko da yaron, don sau da yawa kaka ce ko goggo, ba uwar da ta kawo shi ba. Akwai kuma kunyar surukai da ta fi tamu tsanani: namiji da uwar matarsa ba sa zama ɗaki ɗaya, ba sa magana, to idan direban asibiti surukin kakar ne, ba za ta shiga motar ba, kuma ba wanda zai gaya maka dalili. Asibitocin da al'umma ke gudanarwa da kanta, irin su Congress a Alice Springs da aka kafa a 1973, da Miwatj a gabashin Arnhem, a kan wannan fahimtar aka gina su.

Sai tsoro. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970 hukumomi sun riƙa ƙwace yaran Aborijin daga iyayensu, abin da Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a kai ranar 13 ga Fabrairun 2008. Kakannin da ke kawo mana jikoki, wasunsu da su aka yi. Har yau kuma yaran Aborijin sun fi kowa yawa a hannun hukumar kula da yara. Uwar da aka ce wa ɗanta bai ƙara nauyi ba, ba maganar abinci take ji ba. Idan aka yi mata faɗa, ba za ta yi musu ba, za ta sunkuyar da kai ta ce to, gobe a iske sun bar gari. Shi ya sa ake zama gefenta ba gabanta ba, a rage kallon ido, a fara da abin da ke tafiya daidai, a yi haƙuri da shiru. Amsar eh ba kullum take nufin an yarda ba. A ce ta nuna yadda za ta murza tishun, a gani.

Mu ma'aikata muna da namu kason. Wani bincike a asibitocin ƙauyukan yankin ya gano ɗaya cikin biyar ne kawai ke kaiwa shekara a wuri guda, rabi sun tafi kafin wata huɗu. Sabon zuwa yana iya yin dubawa mai kyau, ya rubuta turawa shida, ya hau jirgi bayan mako shida. Takardar da ba ta da ranar bibiya da sunan wanda zai bi ta mutu ke nan. Tafiya birni ma sai an haɗa ta da hannu: wurin zama a jirgi ko mota, masauki, mai rakiya da za ta iya barin sauran 'ya'yanta, a tuna wa gida kwana uku kafin ranar da kuma daren ranar. Idan an dawo, a nemi takardar sallama a karanta, domin sau da yawa a cikinta aka canja magani.

Inda aka fi rasa yara shi ne shekara sha biyu zuwa sha uku, lokacin da da yawa ke tafiya makarantar kwana a Darwin, Alice Springs ko wata jiha. Kafin ya tafi a yi masa allura ko da saura kwana biyar, muddin ya kai rana ta 21. A kira ma'aikaciyar jinyar makarantar da baki, a ba ta ranar ta gaba, da gefen da yake so, da ranar hoton zuciya na gaba, a sanar da rajista ya koma. A rubuta ranar hutu a jerin asibiti, don allura ɗaya ko biyu a gida za su same shi. Saurayin da aka kai daji aka yi masa bikin shiga manya kuwa ba yaro ba ne kuma a idon gari, ba zai kwanta wa mace ta yi masa allura a ɗuwawu ba. A nema masa ma'aikaci namiji, a shigo da shi ta ƙofar maza, ko a koma yi masa a cinya.